Lambar Da Ke Kusurwar Allo: Kimiyyar Yawan Hotuna A Wasannin Harbi

Gabatarwa

Wasannin harbi na gasa, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile, sun samu gindin zama a tsakanin matasan Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. A cikin waɗannan wasanni ɗan wasa yana kallon fagen fama ta idon sojan da yake sarrafawa, ko ta bayan kafaɗarsa, yana kuma fafatawa ta intanet da mutane na gaske waɗanda wataƙila suna Legas ko Alƙahira ko wani birni na Turai. Wanda ya riga ganin abokin karawarsa, ya kuma riga saita bindiga, shi ne mai nasara.

Idan aka kayar da yaro a irin wannan wasa, da wuya ya rasa inda zai ɗora laifi. Wani ya ce sabis ne ba kyau, sai ya canza layi ya ƙara sayen data. Wani ya ce wayarsa ce ta tsufa, sai ya shiga tara kuɗin wata. Wani kuma ya sauko da manhajar da aka ce masa tana ƙara wa waya gudu. Duk waɗannan magani ne da aka sha kafin a san cutar, kuma kuɗin da suke ci sau da yawa na littafi ne ko na abincin makaranta.

Alhali kuwa akwai ma'auni kyauta wanda ke iya raba gardama. Wata 'yar lamba ce da ake iya fitowa da ita a kusurwar allo, tare da haruffa uku na boko, wato FPS. Ma'anarta ita ce yawan hotunan da na'ura take zanawa a cikin sakan ɗaya. Ɗalibin da ya iya karanta wannan lamba zai bambance matsalar na'ura da ta zafi da ta sabis, kuma a hanya zai ci karo da darussan lissafi da na kimiyyar haske waɗanda ake koya masa a aji.

Hoto Ba Ya Motsi

A duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi tun zamani mai nisa. Shanun nan suna tsaye har yau inda aka zana su. Haka kowane hoto yake, har da wanda ke fuskar waya mafi tsada. Abin da ake gani kamar motsi a fim ko a wasa jerin hotuna ne sandararru, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, ana sauya su da saurin da ya fi ƙarfin ido ya rarrabe.

Masanin kimiyyar gani, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya lura da tushen wannan al'amari a littafinsa Kitabul Manazir. Ya bayyana cewa idan aka shafa launuka daban-daban a jikin abin wasan yara mai juyawa, irin katantanwa, aka kuma murza shi da ƙarfi, ido ba zai iya tantance launukan ba, sai ya ga launi guda gauraye. Daga nan ya fahimci cewa gani yana bukatar lokaci, kome ƙanƙantarsa.

A shekarar 1878, a Palo Alto da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, kowacce ta ɗauki doki sau ɗaya yayin da yake wucewa. Hotunan sun tabbatar da cewa akwai lokacin da kofatan doki duka huɗu suke barin ƙasa, abin da mai kallon sukuwar hawan sallah ba zai iya kamawa da idonsa ba. Da aka haska irin waɗannan hotuna ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai dokin ya koma gudu. A 1912 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya wallafa binciken da ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto, ta mai da shi motsi. Idan hotunan ba su kai kamar 10 zuwa 12 a sakan ba, sai dabarar ta tonu, a riƙa ganinsu ɗaiɗai.

Finafinan farko marasa magana suna tafiya ne da hotuna kamar 16 zuwa sama a sakan. Da aka fara haɗa fim da sauti a ƙarshen shekarun 1920, sai aka tsaya a kan 24. Majigin da motocin gwamnati suka riƙa kaiwa garuruwan Arewa tun zamanin Turawa, don nuna finafinan tsabta da noma, a kan wannan dabara ya dogara. Talabijin kuwa, wanda aka fara a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya bi tsarin hotuna 25 a sakan, kowanne a raba shi gida biyu ya zama 50, domin ya dace da wutar lantarkin ƙasar nan mai kai da komo sau 50 a sakan. A Amurka, inda wutar take yin 60, talabijin ya bi tsarin hotuna kusan 30.

Abin Da Lambar Take Ƙirgawa

Tsakanin fim da wasa akwai babban bambanci. Hotunan fim an riga an ɗauke su an ajiye, aikin na'ura kawai ta nuna su. Hotunan wasa kuwa babu su sai a lokacin da ake bukatarsu, domin na'ura ba ta san inda ɗan wasa zai juya ba sai ya juya. Saboda haka kowane hoto sabo ake zana shi daga tushe.

Sassa biyu ne suke raba wannan aiki. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ke karɓar umarnin yatsa, ta lissafa inda kowane soja yake, da inda harsashi ya nufa, da abin da ya faɗi ko ya fashe. Na biyu shi ne injin zane, wanda ke karɓar wannan bayani ya fitar da launin kowane ɗigo na allo, tare da haske da inuwa da hayaƙi. Idan suka kammala hoto ɗaya sai su miƙa wa allo, su koma kan na gaba. Lambar FPS ƙidayar waɗannan hotuna ce a kowane sakan.

Girman aikin zai fito fili da ɗan lissafi. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan ana son hotuna 60 a sakan, dole injin zane ya fitar da launin ɗigo 124,416,000 a kowane sakan. Idan aka rage zuwa 1280 da 720, ɗigon kowane hoto ya koma 921,600, wato bai kai rabin na farko ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa rage kyawun hoto yake ɗaga lambar.

Hanya mafi amfani ta fahimtar lambar ita ce a juya ta, a tambayi tsawon lokacin da kowane hoto yake ɗauka. Ana auna wannan da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sai a raba 1000 da lambar FPS:

Hotuna 20 a sakan: milisakan 50 kowane hoto.
Hotuna 30 a sakan: milisakan 33.3.
Hotuna 60 a sakan: milisakan 16.7.
Hotuna 120 a sakan: milisakan 8.3.
Hotuna 240 a sakan: milisakan 4.2.

Mai karatu zai lura da wani abu a wannan jeri. Tashi daga 30 zuwa 60 yana rage jira da milisakan kusan 17, amma tashi daga 120 zuwa 240 yana rage kusan 4 kacal, alhali aikin da na'ura za ta ƙara ya ninka na farko sau huɗu. Wato riba tana raguwa yayin da tsada take ƙaruwa. Wannan ƙa'ida ce da ya kamata duk mai niyyar sayen na'ura don wasa ya riƙe.

Dalilin Da Ya Sa Ɗan Gasa Ya Damu Da Ita

Ana iya tambaya: idan hotuna 24 sun wadatar da mai kallon fim ɗin Hausa, me zai hana su wadatar da ɗan wasa? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, kyamara tana barin ƙofarta a buɗe na ɗan lokaci, don haka abin da ke gudu yakan fito da ɗan dishi-dishi wanda ke sassauta tsallen da ke tsakanin hotuna. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, mai kallon fim ba ya ba da umarni. Ɗan wasa kuwa hannunsa da idonsa suna cikin zagaye guda: ya motsa yatsa, ya jira ya ga sakamako, ya gyara, ya sake jira. Duk jinkirin da ya shiga wannan zagaye yana sa saiti ya wuce ko ya gaza.

Alal misali, a ɗauka abokin karawa yana gudun mita 5 a sakan, zai kuma gifta ta bakin ƙofa mai faɗin mita 1. Zai bayyana na tsawon milisakan 200 ne kawai. Mai wasa da hotuna 20 a sakan zai gan shi a hotuna 4, mai 30 zai gan shi a 6, mai 60 zai gan shi a 12, mai 120 kuwa a 24. A wajen mai 30, mutumin yana tsallake kusan santimita 17 tsakanin hoto da hoto; a wajen mai 60, kusan 8. Idan aka tuna cewa mutum yakan ɗauki kamar milisakan 200 zuwa 250 kafin ya mai da martani ga abin da ya gani, za a gane cewa wanda hoton farko ya isa gare shi da wuri ya riga ya samu rata.

Masana sun gwada wannan a ɗakin bincike. A 2006, Mark Claypool na Worcester Polytechnic Institute da ke Amurka, tare da abokan aikinsa, sun sa mutane wasan Quake III a matakai daban-daban, daga hotuna 3 a sakan har zuwa 60, suna kuma sauya yawan ɗigon allo. Sun gano cewa yawan hotuna yana tasiri ƙwarai a kan iya harbin ɗan wasa, yayin da yawan ɗigo bai yi wani tasirin kirki ba. A 2019 masu bincike na kamfanin Nvidia sun ba da rahoton cewa rage jinkiri da milisakan 30 ya fi taimaka wa mai saiti a kan ɗaga saurin allo sama da 60. Darasin binciken biyu ɗaya ne: a wasan gasa, isowar hoto da wuri ya fi kyawunsa amfani. Shi ya sa ƙwararrun 'yan wasa, duk da ƙarfin na'urorinsu, sukan kashe inuwa da sauran kayan ado.

Yana da kyau kuma a tuna cewa wasan Doom, wanda ya fito a 1993 ya kuma buɗe wa wasannin harbi kasuwa, bai taɓa wuce hotuna 35 a sakan a ainihin tsarinsa ba, amma mutane suka yi gasa da shi har suka ƙware. Na'ura tana rage shinge ne kawai, gwaninta kuwa sai da horo.

Yadda Ake Fito Da Lambar

A kwamfuta hanyoyin suna da sauƙi. Manhajar Steam, wadda ake sauke wasanni da yawa ta cikinta, tana da ma'auninta a sashen saituna mai suna In Game. A kan Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows tare da harafin G yana buɗo akwatin da ke nuna lambar, haɗe da nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa da injin zane. A wasan Counter-Strike 2, wanda ya fito a 2023, ana buɗe akwatin umarni a rubuta cl_showfps 1. Valorant da Fortnite kuwa suna da maɓallin nuna lambar a cikin saitunan hoto.

A waya al'amarin ya danganta da irin wayar. Wasu suna zuwa da manhajar kula da wasanni wadda ke nuna lambar, wani lokaci har da zafin jikin waya. Wasannin da kansu suna ba da damar zaɓen iyakar da ake so. A PUBG Mobile, misali, matakin Medium yana nufin hotuna 25, High 30, Ultra 40, Extreme kuma 60, kuma wayar da ba ta da ƙarfi ba za a buɗe mata matakan sama ba sai an rage kyawun hoto zuwa Smooth. Zaɓen mataki alkawari ne kawai. Ma'auni ne zai nuna ko wayar tana cika shi.

Akwai abin lura guda biyu. Na farko, a cikin ɓoyayyun saitunan Android akwai wanda ke nuna saurin sabuntawar allo, wato sau nawa gilashin yake sake haska kansa a sakan. Wannan lamba dabam take da ta wasa, domin allo yana iya sabuntawa sau 60 yana maimaita hotuna 25 kacal. Na biyu, a yi hattara da manhajojin da ke alkawarin buɗe matakan sama ta hanyar taɓa fayilolin wasa. Kamfanonin wasanni sukan rufe asusun wanda suka kama da haka, kuma manhajar da aka sauko daga wurin da ba a sani ba tana iya zama ƙofar satar bayanan waya, har da na banki.

Cututtuka Uku Masu Kama Da Juna

Fito da lamba ba shi ne aiki ba, karanta ta shi ne aiki. Abin da yara ke kira tsayawa ko maƙalewar wasa yana da sanadi uku, kuma kowanne yana da alamarsa.

Na farko shi ne raunin na'ura. Alamarsa ita ce lambar tana ƙasa tun daga minti na farko, tana kuma ƙara faɗuwa idan 'yan wasa suka taru wuri guda ko hayaƙi ya turnuƙe. Maganinsa shi ne a rage kyawun hoto, a kashe inuwa, a rufe sauran manhajojin da ke aiki a ɓoye. Ƙarin data ba zai taɓa wannan matsala ba ko kaɗan.

Na biyu shi ne zafi, kuma shi ya fi shafar mazauna wannan yanki. Duk wutar da ƙwaƙwalwar na'ura ta sha daga batir, ƙarshenta zafi take komawa. Mafi yawan wayoyi ba su da fanka, sai dai zafin ya bi ta jikinsu ya shiga iska, kuma saurin fitarsa ya danganta da bambancin zafin wayar da na iskar da ke kewaye. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salsiyas. A Dutse kuwa, garin da duwatsu suka kewaye, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40. Idan na'urar jin zafi da ke cikin waya ta ga abin ya yi yawa, sai ta tilasta wa ƙwaƙwalwa rage gudu don kada ta lalace. Alamar wannan ita ce wasa ya fara lafiya lau, bayan wasu mintoci lambar ta riƙa sauka, bayan wayar kuma ya yi zafi. Maganinsa shi ne a cire rigar waya, a koma inuwa inda iska ke kaɗawa, a daina wasa yayin da ake caji, domin caji ma zafi yake haifarwa, kuma zafi mai yawa yana gajarta ran batir. Abin mamaki, zaɓen iyakar 30 ko 40 a irin wannan yanayi yakan fi zaɓen 60 amfani, domin wayar za ta iya riƙe lambar har ƙarshen wasa. Ga masu kwamfuta, ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, don haka share fanka yakan dawo da lambar da ta zube.

Na uku shi ne jinkirin sabis, wanda ake nunawa da wata lambar dabam mai suna ping, ana auna ta da milisakan. Wasan gasa yana da babbar kwamfuta a nesa, wadda ake kira uwar garke, ita ce alƙaliyar da ke yanke hukuncin wanda ya riga harbi. Ping shi ne lokacin da saƙo yake ɗauka ya je wurinta ya dawo. Alamar wannan cuta ita ce FPS tana nan daram, hoto yana tafiya sumul, amma abokan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri, ko a harbi mutum bayan ya riga ya shige bayan bango.

A nan akwai iyakar da kuɗi ba ya iya ketarewa. Saƙon intanet yana tafiya ne a matsayin haske cikin zaren gilashi, da gudun kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Igiyar Glo-1 da ke ƙarƙashin teku, wadda ta haɗa Legas da garin Bude a Ingila ta kuma fara aiki a 2010, tsawonta kusan kilomita 9,800 ne. Zuwa da dawowa ta cikinta yana cin milisakan 98. Ta MainOne, mai tsawon kusan kilomita 7,000 zuwa ƙasar Fotugal, yana cin 70. Sai a ƙara kamar 10 na tafiyar Dutse zuwa Legas da dawowa, sannan a ƙara jinkirin turken sabis da na na'urorin da ke kan hanya. Saboda haka idan uwar garken wasa tana Turai, ɗan wasan Dutse ya riga ya fara da bashin lokaci wanda sabuwar waya ba za ta biya masa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya zaɓi yankin da ya fi ba shi ƙaramar lamba, ya tsaya inda sabis ke da ƙarfi, ya kuma guji lokacin da mutane suka yi wa turke yawa.

Inda Lambar Take Yaudara

Kowane ma'auni yana da makantarsa. Lambar FPS matsakaici ce, kuma matsakaici yana ɓoye abubuwa. A ɗauka a cikin wani sakan na'ura ta zana hotuna 57, kowanne a milisakan 14, sannan hoto ɗaya ya maƙale na milisakan 200. Ma'auni zai nuna 58, lamba mai kyau, alhali allo ya daskare na tsawon lokacin da mutumin nan ya isa ya gifta ƙofa ba a gan shi ba. Shi ya sa masu gwajin na'urori suke duba mafi munin kashi 1 cikin 100 na hotunan tare da matsakaicin. Hotuna 40 masu zuwa a kan kari sun fi 60 masu tangal-tangal.

Har ila yau, allo yana da iyakarsa. Gilashin da ke sabuntawa sau 60 a sakan ba zai nuna cikakkun hotuna fiye da 60 ba, ko da ma'auni yana nuna 200. Idan kuma injin zane da allo ba su daidaita ƙafa ba, sai a ga hoto ya yage gida biyu, sama na wani hoto, ƙasa na wani. Don magance haka Nvidia ya fito da fasahar G-Sync a 2013, AMD kuma ya biyo da FreeSync a 2015, inda allo yake jiran injin zane ya gama kafin ya sabunta.

Gwaje-gwaje Don Aji

Malamin kimiyya zai iya mai da wannan batu darasi ba tare da ɗakin gwaji mai tsada ba.

1. A zana ƙwallo a kusurwar shafuka 30 na tsohon littafin rubutu, kowane zane ya ɗan gusa daga na baya. A saki shafukan da babban yatsa, a auna lokacin da agogo, a raba 30 da yawan sakan. A maimaita a hankali da kuma da sauri, ɗalibai su faɗi inda motsi ya fara santsi.

2. A fito da lambar FPS a waya guda, a rubuta ta kowane minti 5 har tsawon minti 30, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya da ƙarfe 2 na rana. A bar wasa da saituna da wuri yadda suke, a rubuta zafin iska da ma'aunin zafi. A zana jadawalin layi biyu a takarda guda. Wannan yana koyar da ƙa'idar sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.

3. Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo na hotuna 240 a sakan, a ɗauki yatsan ɗan wasa tare da allonsa. A ƙirga hotunan da ke tsakanin taɓawa da fitar harsashi, a ninka da 4.2. Sakamakon shi ne jinkirin na'urar a milisakan.

4. A ba ɗalibai taswira su auna nisan Dutse zuwa Legas da Landan da Johannesbag, su lissafa mafi ƙarancin ping da haske zai yarda da shi, su kwatanta da abin da wasa yake nunawa, su kuma yi bayanin bambancin.

Kammalawa

Wasan harbi nishaɗi ne, kuma yana iya cinye lokacin karatu da na barci idan ba a sa masa linzami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta, jerin da ya fara aiki a 2022, ga wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa harkokin rayuwa na tsawon lokaci. Ɗalibin da ya iya auna milisakan ya kamata ya iya auna sa'o'in da yake kashewa.

Amma ilimin da ke bayan lambar ya wuce wasa. Lissafin jinkiri da yawan hotuna shi ne ake amfani da shi wajen koyar da matuƙan jirgin sama a na'urar kwaikwayo, da tiyatar da likita ke yi yana kallon allo, da sarrafa jirage marasa matuƙi masu duba gonaki. Waɗannan fannoni suna bukatar masana kwamfuta da lantarki, kuma tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutse inda matashi zai iya fara wannan tafiya ba tare da ya bar jiharsa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kafin a sayi data ko a sayar da waya, a fito da lambobin nan biyu, a dube su na minti 30, a rubuta abin da aka gani, sannan a yanke shawara.